HAƘƘIN MASU TAƁIN HANKALI DA MASU RAUNIN FAHIMTA A KANMU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam ya girmama shi, ya ba wanda ya so hankali a matsayin amana, ya kuma jarrabi wanda ya so da rauninsa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da za mu tattauna a yau ya shafi wasu bayin Allah ne waɗanda ba sa zuwa majalisai irin wannan, ba sa iya kai ƙara gaban alƙali, in kuma sun yi magana ba a ɗaukar maganarsu da nauyi. Su ne masu taɓin hankali, da waɗanda aka haifa ko suka tashi da raunin fahimta. Dukkanmu mun haddace hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi da wasunsu suka ruwaito, wanda ya nuna an ɗauke alƙalami daga kan mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Abin da muke yawan mantawa shi ne, alƙalamin da aka ɗauke daga kansa yana nan yana rubutu a kan waɗanda ke kewaye da shi. An sauke masa nauyin ibada da hukunci, amma haƙƙinsa yana nan daram, kuma mu masu lafiya za a tambaya a kansa.

SU WANE NE MUKE NUFI?

Malaman fiƙihu ba su haɗa kowa a kwando ɗaya ba. Sun ambaci majnuni wanda ciwonsa ya lizimce shi, da wanda ciwon ke zuwa yana tafiya. Wannan na biyu a lokacin da ya farfaɗo cikakken mutum ne, cinikinsa da shaidarsa da ibadarsa duk sun inganta. Sun ambaci ma'atuhi, wato mai ƙarancin fahimta wanda maganarsa ke cakuɗewa amma ba ya duka ba ya zagi. Sun kuma ambaci safihi, wanda bai iya riƙon dukiya ba. Kowane da hukuncin da ya dace da shi.

Likitoci ma haka suke rarrabewa. Akwai ciwon da ke sa mutum jin muryoyi da zargin ana bin sa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana samun kusan mutum ɗaya cikin 300. Akwai matsanancin baƙin ciki da ke hana mutum ci da barci da sha'awar rayuwa. Akwai rikicewar da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu a kwanakin jego. Akwai wanda shaye-shaye ya jawo. Hukumar ta ce a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wani nau'i na ciwon ƙwaƙwalwa ko na damuwa. Ke nan da wuya a sami unguwa, ko ma sahun salla, da babu irinsu a ciki.

Raunin fahimta kuwa sau da yawa sanadinsa a bayyane yake: doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi, shawarar jarirai da ba a yi maganinta da wuri ba, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki, ko sanƙarau. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, galibi a Arewa, kuma daga waɗanda suka tsira akwai waɗanda ta bari da kurumta da rauni a ƙwaƙwalwa. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, ta kuma illata ƙwaƙwalwar wasu da suka rayu. Wane laifi waɗannan yara suka yi da za a ce maita ce ko baki ne ya kama su?

Mu kuma lura cewa farfaɗiya ba hauka ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓa jiki kamar yadda ake yaɗawa. Kusan bakwai cikin goma na masu ita za su daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace.

HAƘƘI NA FARKO: MUTUNCI DA SUTURA

A Suratul Isra'i, aya ta 70, Allah ya bayyana cewa ya girmama 'ya'yan Adam, bai kuwa keɓe masu hankali da wannan girma ba. A Suratul Hujurat, aya ta 11, ya hana yi wa juna izgili da jifa da munanan laƙabba. To ina muke da waɗannan ayoyi a lokacin da yaranmu ke bin taɓaɓɓe da jifa da waƙa, manya na zaune a dakali suna dariya? Ina muke da su a lokacin da yaro mai suna Muhammadu ko Abubakar ya zama Dolo ko Gaula a bakin 'yan gidansu, har ya manta sunan da aka raɗa masa? Yanzu kuma an ƙara da ɗaukar hotonsu a waya ana yaɗawa don nishaɗi.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas (R.A.) labarin wata mata da hankalinta ke da rauni, wadda ta tare Manzon Allah (S.A.W.) ta ce tana da buƙata a wurinsa. Ya kira ta da alkunya, kamar yadda ake kiran mace mai daraja, ya bar mata zaɓin hanyar da take so su tsaya, ya tsaya da ita har ta gama bayaninta. Wannan shugaban al'umma ke nan, mai ɗauke da nauyin wahayi da mulki. Haka nan Bukhari da Muslim sun kawo daga Ibn Abbas (R.A.) labarin matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri da Aljanna, amma ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi, Annabi (S.A.W.) kuma ya yi mata. Darasin shi ne suturar mara lafiya abin kiyayewa ce. Duk garin da ake barin mutum yana yawo tsirara a kasuwarsa, yana tsintar abinci a bola, to mutanen garin sun bar wani farali na kifaya, kuma zunubin ya hau kan duk wanda ke da iko bai yi ba.

HAƘƘI NA BIYU: DUKIYA DA GADO

Nan ne inda da yawa daga cikin masu kamun kai suke zamewa. Taɓin hankali ba ya cikin abubuwan da ke hana gado. Mai wannan lalura yana cin rabonsa cikakke, daidai da ɗan'uwansa mai lafiya. Abin da shari'a ta yi shi ne hajru, wato a hana shi sarrafa dukiyar da kansa, a naɗa waliyyi ya kula masa da ita. Suratun Nisa'i, aya ta 5, ta umarci a ciyar da su a tufatar da su daga dukiyar, a kuma riƙa gaya musu magana mai daɗi. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta tanadi cewa in wanda ake bi bashi mai rauni ne ko ba ya iya shifta, waliyyinsa ya yi a madadinsa bisa adalci. Imamu Malik da Shafi'i da Ahmad sun tafi a kan cewa ana fitar da zakka daga dukiyar majnuni, wannan kuwa hujja ce a fili cewa dukiyar tasa ce, waliyyi ɗan tsaro ne kawai.

Amma me muke gani a rabon gado? Sai a ce wane ai bai san amfanin gona ba, a haɗa rabonsa a hannun babban wa, ba rubutu ba shaida. Bayan shekara biyar an sayar da gonar an yi aure ko an tafi Umra, mai ita kuma yana kwana a zaure da yagaggen bargo. Wanda ya yi haka ya ci amanar wanda ba ya iya tambaya, kuma ranar da za a yi tambayar hankalin mai dukiyar zai kasance cikakke.

Haka nan a ciniki. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar (R.A.) labarin wani sahabi da ake yawan cuta a kasuwa. Annabi (S.A.W.) ya koya masa ya riƙa shardanta cewa babu yaudara duk lokacin da zai saya ko ya sayar, kuma a wata ruwaya an ba shi zaɓin mai da kaya cikin kwana uku. An bar shi a cikin kasuwa tare da mutane, aka kewaye shi da kariya. Wannan shi ne tsarin da ya kamata mu ɗauka game da masu raunin fahimta.

HAƘƘI NA UKU: MAGANI

Hadisin Usama ɗan Sharik ya umarce mu da neman magani, kuma malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi sun sanya kiyaye hankali cikin manyan manufofin shari'a guda biyar. Duk da haka, in ciwon ciki ya kama mutum sai a nufi asibiti, in na ƙwaƙwalwa ne sai a nufi boka ko 'yan bori a yi girka, a yanka baƙin bunsuru, a salwantar da dukiya da imani gaba ɗaya. Mun daɗe muna gargaɗi a kan wannan, kuma ba za mu gaji ba.

Sai dai wajibi ne mu faɗi gaskiya ko da a cikin gidanmu ne. Ruƙiya ta shari'a halal ce, kuma Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa malamai sun haɗu a kan sharuɗɗanta uku: ta zama da maganar Allah ko sunayensa, da harshen da ake fahimta, tare da ƙudurce cewa Allah ne mai warkarwa. Babu bulala a cikin waɗannan sharuɗɗa, babu hana abinci, babu turnuƙe mara lafiya da hayaƙin barkono, babu kaɗaita da matar da ba muharrama ba. Masu cewa aljani suke duka su dubi tabon da ke bayan mutumin. Kuma wanda ya ce wa mara lafiya ya ajiye maganin asibiti domin shan sa raunin tawakkali ne, ya tuna hadisin da ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga aikin magani ba tare da an san shi da iliminsa ba. Ruƙiya da maganin likita ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su.

Magabatanmu sun fahimci haka. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani kamar na jiki. Asibitin da Ahmad ɗan Ɗulun ya gina a Masar wajen shekarar 872 yana da sashen masu taɓin hankali. Haka asibitin Nuruddin a Dimashƙa na 1154, da na Sarki Ƙalawun a Alƙahira na 1284, kuma da dukiyar waƙafi ake gudanar da irin waɗannan asibitoci, talaka ya shiga a yi masa magani kyauta.

HAƘƘI NA HUƊU: A KWANCE MUSU MARI

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, maza manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka. A watan Oktoba aka fito da wasu 67 daga wani gidan a Daura, sannan aka bi da wasu garuruwan. Waɗannan mutane galibi 'yan uwansu ne suka kai su, wasu saboda shaye-shaye, wasu saboda kangara, wasu saboda taɓin hankali. A Nuwamban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta ziyarci wurare 28, ta sami ɗaurin sarƙa a gidajen masu maganin gargajiya, da cibiyoyin Musulmi da na Kirista, har da wasu wuraren gwamnati. Abin da ya fi ciwo shi ne wasu daga gidajen suna ɗauke da sunan makarantar Alƙur'ani.

Mun san uzurin iyaye. Uwa tana tsoron ɗanta ya faɗa rijiya, ko ya ji wa ƙannensa rauni, ko ya ɓace. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma shari'a ta yarda a riƙe mutum a lokacin da yake shirin cutar da kansa ko wani. Amma ƙa'idar malamai ita ce lalura ana auna ta gwargwadonta. Riƙon sa'a guda kafin a kai shi ga likita daban yake da turun shekara uku a ɗaki mai duhu, mutum yana ci yana bayan gida a wuri ɗaya, har ƙarfe ya ci masa ƙafa. Gaskiya ne matafiyi Ibn Jubair ya ga masu taɓin hankali a ɗaure a asibitin Dimashƙa a 1184, amma a zamaninsu babu magungunan da ke kwantar da irin wannan ciwo. Na farkonsu an fara amfani da shi ne a Faransa a 1952. Yau allura ɗaya a wata, ko ƙwaya a kullum, tana mai da mutane da yawa gona da kasuwa. Uzurin da suke da shi ya ƙare a kanmu. In har mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim, me muke zato game da wanda ya kulle ɗan Adam?

HAƘƘI NA BIYAR: KARIYA GA MATA DA ADALCI A HUKUNCI

Babu wanda bai taɓa ganin taɓaɓɓiya da ciki ko goyo a bakin titi ba. Wanda ya yi mata cikin mai hankali ne, kuma a cikin garin yake. Ita babu laifi a kanta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Sayyidina Umar (R.A.) wata mace mai taɓin hankali da aka tuhuma da zina, Sayyidina Ali (R.A.) ya tunatar da shi hadisin ɗauke alƙalami, Umar ya sake ta. Annabi (S.A.W.) da kansa sai da ya bincika lafiyar hankalin Ma'izu kafin ya karɓi iƙirarinsa. Saboda haka alƙalanmu da 'yan sanda da 'yan hisba su binciki hankalin wanda ake tuhuma tun farko, su kuma tsananta wa masu farautar waɗannan mata. Matasa kuma su guji taron dangi a kan wanda aka ji yana sambatu, ko da maganarsa ta munana.

Maza su ji tsoron Allah game da matan da suka rikice a jego. Ciwo ne da ke warkewa da magani, kuma ciyarwa da kulawa ba su faɗi daga kan miji ba. Takardar saki ba magani ba ce. Ta wani ɓangaren kuma, kada a ɓoye wa mai neman aure lalurar da ake da ita, domin a mazhabar Malikiyya tana cikin aibubban da ke ba da zaɓin warware aure. A faɗi gaskiya, wanda ya shiga ya shiga da saninsa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Dokar da ta yi mulki a wannan fanni a Nijeriya ta samo asali ne daga ta Turawan mulkin mallaka ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, kuma hankalinta ya fi karkata ga tsare mutum. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta amince da haƙƙin a yi musu magani cikin mutunci, ta hana nuna musu bambanci, ta kuma sa ƙa'idoji ga kwantar da mutum ba da yardarsa ba. Amma doka ba ta shiga ɗakin da aka kulle. A 2019 an ƙiyasta likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga jama'a wajen miliyan 200. Don haka muna kira ga abubuwa kamar haka:

Na ɗaya, kowane reshe ya san masu wannan lalura a unguwarsa, cikin sirri da mutuntawa, a taimaka a kai su asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen wannan aiki.

Na biyu, kwamitocin zakka su ware kaso domin kuɗin magani da na mota, saboda yawancin masu komawa ciwo yankewar magani ce ke mai da su. Mawadata su farfaɗo da sunnar waƙafi.

Na uku, malaman da ke raba gado kada su tashi daga majalisi sai an rubuta rabon mai rauni, an naɗa masa waliyyi amintacce a gaban shaidu, da sharaɗin ya riƙa ba da lissafi.

Na huɗu, makarantunmu na Islamiyya su buɗe ƙofa ga yara masu raunin fahimta. Wanda ba zai iya haddace izu ba zai iya koyon Fatiha da alwala da tsafta, ya kuma koyi sana'ar hannu kamar kiwo ko saƙa. A ajiye bulala a kansu, a ƙara haƙuri.

Na biyar, a tura mata masu ciki awo, a yi wa yara rigakafi, a gaggauta kai jaririn da idonsa ya yi ɗorawa asibiti, a kuma yaƙi masu sayar wa matasa ƙwayoyi.

Na shida, 'ya'yanmu masu karatun likita da jinya su shiga wannan fanni da niyyar ibada. A 1954 Dakta Thomas Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abekuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu suna zuwa karɓar magani, kuma tsarin ya yi suna a duniya. Mu da addininmu ya wajabta mana zumunci da haƙƙin maƙwabtaka ai mun fi cancanta da irin wannan.

Ya 'yan uwa, Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Babu ɗayanmu da ke riƙe da takardar lamunin cewa zai mutu da hankalinsa; zazzaɓi ɗaya, ko haɗarin mota, ko tsufa, ya isa ya mai da mai wa'azi abin a kula da shi. Duk wanda ke da ɗan'uwa a ɗaure a gida, ya nemi likita a wannan makon. Duk wanda ke riƙe da gadon mai rauni, ya kira shaidu ya fito da lissafi tun yana da rai.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya kiyaye mana hankulanmu da imaninmu, ya yafe mana abin da muka gaza a haƙƙin raunana. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne kuma mafi sani.